Kalmar "tell" a Turanci: yadda ƙirge ya rikiɗe ya zama magana

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makaranta ko na jarrabawa ta banki a Nijeriya, kafin a koma tura kuɗi ta waya, ya san 'yar takardar nan da ake cikewa a miƙa tare da kuɗin, a buga mata hatimi a dawo wa mutum da kwafinta, wadda kowa yake kira "teller". A wurin masu harshen, wannan suna ba na takardar ba ne, na ma'aikacin da ke zaune bayan kanta yana karɓar kuɗi yana biya ne, mu ne muka ɗauke sunan daga kan mutum muka ɗora wa takardar da ke bi ta hannunsa. Wata rana ina koyar da bambancin "say" da "tell", sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in dai ma'anar 'tell' ita ce gaya wa mutum magana, to me ma'aikacin banki yake gaya wa mutane har aka ba shi wannan suna?" Tambayar ta fi darasin da na shirya nauyi, domin amsarta ita ce mabuɗin kalmar baki ɗaya. Ba don magana aka raɗa wa ma'aikacin banki wannan suna ba, don ƙirge ne, kuma ƙirge shi ne tsohuwar ma'anar kalmar, wadda har yau take kwance a ƙarƙashin kusan duk wani amfani da ake yi da ita.

A tsohon Turanci, wato harshen da ƙabilun Angil da Sakson da Jut suka ƙetara da shi zuwa tsibirin Birtaniya daga yankunan arewacin Jamus da Denmak tun ƙarni na 5, siffar kalmar ita ce "tellan". Tana nufin ƙirga abu, da lissafa shi, da ɗaukar mutum a wani matsayi, kamar yadda Bahaushe zai ce ya lissafa wane cikin mutanen kirki, sannan tana nufin zayyana labari. Tana da 'yar'uwa ta jini, suna "talu", wadda ita ce ta zama "tale" a Turancin yau, kuma ita ma a da tana ɗauke da ma'ana biyu, adadi da labari. Masana tarihin harsuna da dama suna ganin "talk", wato yin hira, daga wannan gida ta fito. Wanda yake son hujja a kan wannan asali ba sai ya tono tsofaffin takardu ba, ya isa ya dubi harsunan da suka haɗa kaka da Turanci. A harshen mutanen Holan har gobe "tellen" tana nufin ƙirga, in aka ƙara mata ɗafa-goshi ta zama "vertellen" sai ta koma ba da labari, kuma kalmarsu ta harshe kansa, "taal", daga tushen take. A Jamusanci "Zahl" ita ce lamba, "zählen" ƙirga, "zahlen" biyan kuɗi, "erzählen" kuwa ba da labari. Harafin "z" da ke farkon waɗannan kalmomi bai kamata ya rikita kowa ba, domin akwai wani sauyin sauti da ya faru a Jamusanci wanda ya mai da tsohon sautin "t" ya koma "ts", kuma shi ne ya sa "ten" ta Turanci take "zehn" a can, "two" take "zwei", "tongue" take "Zunge".

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda ƙirge ya zama magana, domin da farko mutum zai ga kamar babu abin da ya haɗa su. Ni a ganina babu inda za a fahimci wannan da kyau kamar wurin karɓar lefe. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, dangin ango mata sun jere akwatuna, aka buɗe na farko, wata dattijuwa daga ɓangaren amarya ta matso tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗa da ƙarfi don kowa ya shaida: ga atamfa turmi kaza, ga leshi kaza, ga mayafai, ga takalma da jakunkunansu, ga kayan shafa. Shin wannan dattijuwa ƙirge take yi ko bayani take yi wa taron? Duka biyun take yi a lokaci guda, kuma ba a iya raba su. A zamanin da yawancin mutane ba sa rubutu, haka ƙirge yake: da baki ake yin sa, a gaban shaidu, abu na bin abu, ba a tsallake ko ɗaya. Da yamma idan wadda ta halarci taron ta koma gida ta zauna tana zayyana wa waɗanda ba su je ba abin da ya faru, daki-daki, daga isowar baƙi har zuwa ba da tukwici, aikin nan dai take maimaitawa, sai dai yanzu aukuwa take jerawa a maimakon atamfofi. Hausa ma ta san wannan hanya, tunda muna cewa wane ya lissafo mini duk abin da aka yi masa, alhali ba lamba ko ɗaya a cikin zancen.

Ba harsunan dangin Jamusanci kaɗai suka bi wannan turba ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san "compter", ƙirga, da "conter", ba da labari, waɗanda furucinsu ɗaya ne sak, rubutu ne kawai ya raba su, kuma dukansu daga kalmar Latin "computare" suka fito, wadda ke nufin lissafi. Wannan kalma ta Latin ita ce kuma kakar sunan kwamfuta. A Sifaniyanci ko rubutun ma ba a raba ba, "contar" ita ce ƙirga, ita ce kuma ba da labari. A Ibrananci tushe ɗaya ne, mai baƙaƙen s da f da r, ya haifi kalmar ƙirga da ta ba da labari da ta littafi. Turanci kansa ya sake maimaita abin da kalmomin da ya ara, domin "account" tana nufin asusu a banki, tana kuma nufin bayanin abin da ya faru, daga gare ta ne kuma muka samu akanta.

To me ya sa "tell" ta saki ƙirge ta riƙe magana? Babban dalili shi ne cin Ingila da Normawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, suka yi da yaƙi a 1066, wanda ya sa Faransanci ya zama harshen fada da kotu da baitulmali na tsawon ƙarnuka, kalmominsa kuma suka yi ta kwarara cikin Turanci. Cikinsu har da "count", wadda sannu a hankali ta karɓe aikin ƙirge, ta bar wa "tell" ɓangaren magana. Amma sauyin bai faru dare ɗaya ba. A fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, inda aka umarci Annabi Ibrahim ya dubi sama ya ƙirga taurari in zai iya, cewa aka yi "tell the stars", kuma adadin tubalin da Fir'auna ya ɗora wa Bani Isra'ila su riƙa bugawa an kira shi "the tale of the bricks". Mai karatu na yau da bai san tarihin kalmar ba zai ɗauka cewa aka yi a yi wa taurari magana, ko kuma akwai wata tatsuniya ta tubali. Akwai kuma wani baiti na mawaƙi John Milton a cikin waƙoƙinsa da aka buga a 1645, inda ya ce kowane makiyayi "tells his tale" a ƙarƙashin itace, wanda masu sharhi suka daɗe suna saɓani a kansa: wasu sun ce labari makiyayin yake bayarwa, wasu sun ce tumakinsa yake ƙirgawa da safe. Ni na fi karkata ga ƙirgen tumaki, domin duk wanda ya san kiwo ya san da abin da makiyayi yake fara wayewar gari, amma kalmomin sun ɗauki fassarar biyu ba tare da an tilasta musu ba.

Ragowar tsohuwar ma'anar tana nan a warwatse cikin Turancin yau. Idan aka ce "all told" ana nufin jimilla, bayan an ƙirga komai. "Untold wealth" dukiya ce da ba ta ƙirguwa, ba wadda aka ɓoye labarinta ba, ko da yake a "untold story" ma'anar ta koma labarin da ba a taɓa bayarwa ba, don haka sai an dubi sunan da ke biye kafin a yanke hukunci. Jan carbi irin na mabiya ɗariƙar Katolika ana ce masa "telling one's beads", kuma abin sha'awa shi ne ita kanta "bead", wadda yau take nufin ƙwayar dutsen ado, asalin ma'anarta addu'a ce, sunan ya sauka daga addu'ar da ake ƙirgawa zuwa ƙwayar da ake ƙirgawa da ita. A tsohon baitulmalin Ingila akwai jami'ai huɗu masu karɓar kuɗin sarki da ake kira "Tellers", har zuwa 1834 da aka soke muƙamin. A majalisar wakilan Birtaniya kuwa sunan yana raye: idan za a kaɗa ƙuri'a, 'yan majalisa suna rabuwa su bi ta zaure biyu, na masu goyon baya da na masu adawa, ana naɗa mutum huɗu daga cikinsu, biyu daga kowane ɓangare, su ƙirga masu wucewa, sannan su jeru a gaban teburin shugaban majalisa ɗayansu ya shelanta adadin. Waɗannan su ma "tellers" ne, kuma a aikinsu ma'anonin biyu sun sake haɗuwa, sun ƙirga kuma sun faɗa. Harafin tsakiya na ATM ma wannan kalma ce, wato na'urar da ke yin aikin mai ƙirga kuɗi da kanta.

Ɗalibai kan tambayi dalilin da ya sa shuɗaɗɗen lokacin kalmar yake "told" ba "telled" ba. Amsar a taƙaice ita ce wasalin asali na tushen "a" ne, kamar yadda yake a "talu". A siffar lokacin yanzu akwai wani sauti mai kama da "y" da ya biyo bayan tushen a zamanin da, shi ne ya ja wasalin ya koma "e" kafin shi kansa ya ɓace, amma a siffar shuɗaɗɗen lokaci babu wannan sauti, sai "a" ta zauna a "talde", daga baya ta yi tsawo ta rikiɗe ta zama "o". Hanyar da "sell" ta bi ta ba da "sold" ke nan daidai, shi ya sa yake da sauƙi a haddace su tare.

Inda Bahaushe mai koyon Turanci ya fi tuntuɓe shi ne wajen raba "tell" da "say", alhali kuwa harshensa ya riga ya ba shi ma'aunin da zai raba su. A Hausa ba a cewa "ya gaya" a yi shiru, dole a faɗi wanda aka gaya wa: ya gaya mini, ta gaya wa mijinta, an gaya musu. Haka "tell" take, tana neman wanda aka yi wa maganar ya biyo ta kai tsaye, ba tare da "to" a tsakani ba: "she told me", "tell your father". Ita kuwa "say" ta fi kusa da "ce", hankalinta yana kan kalmomin da suka fito daga baki, ko akwai mai saurare ko babu. Matsalar tana tasowa ne saboda Hausa ta yarda a ce "ya ce mini", sai ɗalibi ya ɗauko wannan gini ya rubuta "he said me", wanda Turanci bai yarda da shi ba sam, sai dai "he said to me" ko "he told me". Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato a rubuta "he told that he was ill" ba tare da an ambaci wanda aka gaya wa ba. Na sha gaya wa ɗalibai cewa duk lokacin da suka yi shakka su mayar da jimlar Hausa a zuci: in "gaya wa" ta zauna daram, "tell" ce, in "ce" ce ta zauna ba tare da ambaton kowa ba, "say" ce. Wannan ma'auni yana aiki har a jimlar da ba a ambaci mai magana ba, domin "an gaya mini" ita ce "I was told", "an ce" kuma ita ce "it is said".

Akwai 'yan wurare da "tell" take tsayawa ba tare da an ambaci mai saurare ba, kuma idan aka dube su da kyau za a ga ba haka kawai suka zo ba. Ana cewa "tell a story", "tell the truth", "tell a lie", "tell a joke". Duk waɗannan abubuwa ne masu jeri, masu farko da tsakiya da ƙarshe, irin waɗanda ake zayyanawa, ba kalma guda da ake furtawa ba. Shi ya sa godiya da ban haƙuri suke tafiya da "say", a ce "say thank you" ko "say sorry", domin su furuci ne kawai. A nan Hausa ba ta taimaka wa ɗalibi sosai, saboda mu kowanne da aikatau ɗinsa: labari ba da shi ake yi, tatsuniya yin ta ake yi, gaskiya faɗin ta ake yi, ƙarya kuma a yi ta ko a shara ta. Tambaya kuwa ba ta shiga hurumin "tell" ko kaɗan, tata kalmar ita ce "ask". Sannan idan aka bi ta da mutum da "to" da wani aiki, ma'anar ta zama umarni: "he told us to wait" na nufin ya ce mu jira, kuma umarni ne, ba shawara ko roƙo ba. Wannan yana da muhimmanci ga mai rubuta wasiƙar aiki, domin wanda ya rubuta cewa ya "told" shugabansa ya yi abu kaza ya nuna rashin ladabi ba tare da ya sani ba, inda "asked" ce ta dace da na ƙasa yana magana da na sama.

Ma'anar da ta fi ba mutanenmu wahala ita ce wadda babu magana a cikinta ko kaɗan, wato ganewa da tantancewa. "I can't tell them apart" na nufin ba na iya bambance su, kamar yadda ake faɗa game da tagwaye. "I could tell from his face" na nufin na gane daga fuskarsa, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ya iya "tell the time" shi ne wanda ya iya duba agogo ya san ƙarfe nawa, ko bai buɗe baki ba. Ita ma wannan ma'ana ba ta yi nisa da ƙirge ba, domin ba a ƙirga abin da ba a rarrabe ba, kuma wanda ya iya faɗin abu tabbas ya riga ya san shi. Daga nan ne aka samu "you never can tell", wato ba a sanin abin da gobe za ta haifar. Akwai kuma ma'anar yin tasiri: idan aka ce wahala "is telling on him" ana nufin ta fara nunawa a jikinsa, hujjar da aka kira "telling" kuwa ita ce wadda ta yi nauyi a ma'auni, wadda aka lissafa da ita.

Ƙananan kalmomin da ke biyo ta suna juya ta sosai. "Tell on" idan mutum ne ya yi wa mutum, kai ƙara ce irin ta yara, ko tona asiri, don haka jimla ɗaya tana iya zama tasiri ko tsegumi gwargwadon wanda ya yi aikin. "Tell off" yau tana nufin yi wa mutum faɗa, amma ta fito ne daga bakin sojoji, inda take nufin a ƙirga wasu daga cikin sahu a ware su don wani aiki, kuma ba wuya a ga yadda ware mutum daga sahu ya koma tsawata masa. Wanda ya fi kowanne yaudarar baƙon harshe shi ne "tell me about it". A zahiri roƙo ne a ba da labari, kuma wani lokaci hakan take nufi, amma idan ka yi kukan tsadar kaya abokin hirarka ya amsa da wannan jimla yana girgiza kai, ba ƙarin bayani yake nema ba, cewa yake yi shi ma abin ya ishe shi, daidai da Bahaushe ya ce "kai dai bari". Murya da yanayin fuska ne suke raba ma'anonin biyu, kuma na ga masu Turanci mai kyau sun ɗauki amsar a zahirinta sun shiga dogon bayanin da ba a nema ba.

Ya rage a kawar da wasu kalmomi da suka yi kama da ita amma ba danginta ba ne, domin kamannin sauti ba ya tabbatar da dangantaka. "Tally", wadda ita ma take nufin lissafi, kowa zai rantse 'yar gidan ce, amma daga kalmar Latin "talea" ta fito, wato yankakken reshe, saboda sandunan da baitulmalin Ingila yake yi wa tsaga don ajiye lissafin kuɗi. Tarin waɗannan tsofaffin sanduna ne aka cusa a murhu don a ƙone su a watan Oktoba na 1834, wutar ta ƙwace ta cinye mafi yawan tsohon ginin majalisa a Landan. Telan da ke ɗinka mana kaya, wanda sunansa a bakin Bahaushe ya yi kusa da na takardar banki, daga "tailor" muka aro shi, ita kuma daga kalmar Faransanci mai nufin yanka, don haka da "tally" yake da dangantaka, ba da "tell" ba. Sai kuma "tell" ɗin da masu binciken kufai suke amfani da ita ga tudun da ya taru daga rusassun garuruwa da aka yi ta ginawa ɗaya a kan ɗaya. Wannan Larabci ce tsantsa, daga "tall" mai nufin tudu, kuma 'yar'uwarta ta Ibrananci ce take farkon sunan birnin Tel Aviv.